Harshen Ƙararrawar Habashawa

Duk sanda na ratsa layin maƙera a kasuwar Gadarif, ƙaurin gawayi ya bugi hancina, sai kakana ya faɗo mini a rai.

Maƙeri ne, lauje yake ƙera wa masu yankan riɗi. Amma aikin da yake ji da shi ɗaya ne: ƙararrawar kanisar Habashawa, wato cocinsu, da ke bayan unguwarmu. A bakinsa na ji tarihinta. A kan raƙumi aka shigo da ita ta iyakar Gallabat, naɗe cikin fatun shanu. Wata damina harshenta ya karye, ta shekara biyu bebiya, har limaminsu ya zo maƙera da guntun ƙarfen a gefen mayafinsa. Kwana tara Kaka yana ƙera sabo, a rataya, a sauke, sai da muryar ta yi masa. Mutane suka yi ta surutu. Ya ce musu maƙwabci ne ya kawo aiki.

Kafin in yi wayo, guduma ta cinye masa ji. Kowace Lahadi da safe yana zaune a rumfa, kakata na soya bunni, wato ƙwayar gahawa, sai ya yafito ni.

"Amarya, ta buga?"

In kai baki kunnensa. "Ta buga, Kaka. Garau."

Sai ya yi murmushi, ya kurɓi gahawarsa.

Ina aji huɗu 'yan mata suka fara kirana jikar maƙerin kanisa. Na sha kuka a hanyar gida. Wata Lahadi ya tambaye ni, ƙararrawar na tsaka da kaɗawa, kakata ta shiga maƙwabta. Na ce, "Harshen ya karye. Sun sauke ta."

Ya daɗe yana duban tafin hannunsa. "To, ni ne ban gasa ƙarfen da kyau ba."

Bai sake tambaya ba. Kullum ina cewa gobe zan gaya masa gaskiya. Kafin a yanke riɗin wannan shekarar Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu benaye sun tare kanisar, ƙarar rakshoshi, kekunan haya masu ƙafa uku, ta danne muryar, sai ka kasa kunne kake jin ta. Bara, da furfurata, na taka ƙofarta karon farko. Sabon limaminsu yaro ne, bai san wanda ya ƙera harshen ba. Da na ba shi labari ya ce, "Hajja, ai har yau shi ne, ba a taɓa canza shi ba."

Na ce masa ni na sani.