Abin da Ya Tokare Giyar Motar Yaya Nura

Jama'a, ku ji abin da aka ciro daga giyar motar marigayi Yaya Nura yau.

Kun san jar motar tseren nan tasa mai ƙofa biyu. Tun rasuwarsa tana ajiye a gidanmu na Takur. Da safe Hajiyarmu ta ce in kai ta wanki. Na tada ta, na taka birki, na ja sandar giya. Ƙememe ta ƙi barin P!

Na kira Malam Sabo bakanike. Ya jijjiga ta ya ce, "Yallaɓai, otomatik ce, sai dai a sauya sandar gaba ɗaya. Kuma sai Kano."

Na ce ya dai buɗe mu gani.

Ya kwance murfin, ya zura waya. Sai ga baƙar ƙwayar carbi a tafin hannunsa!

Ya ce, "Ita ce ta tokare. Mai motar yana rataya carbi a giya ne?"

Kullum kuwa. Ya taɓa tsinke masa a motar, ya tsince ya sake ɗaurewa. Carbin yana hannun Hajiya yanzu, da shi take lazimi. Ta sha gaya min ƙwaya talatin da biyu take samu maimakon talatin da uku, ni kuma in ce mata tsufa ne.

Na kai mata ƙwayar. Ta kalle ta, ta dunƙule hannu, ta ce, "Je ka wanke motar."

Giya ta shiga D lafiya lau. Har yanzu ina zaune a ciki, ban ɗaga ƙafata daga birki ba.