Bayan Kaset Ɗin Lawali

Da kakar bana shekara ashirin da bakwai ke nan da aka kashe ƙanena Lawali a kan hanyar da ta taso daga Kucheri zuwa Tsafe. Bayan la'asar aka tsince shi a bakin wata gonar dawa, babur ɗinsa na kwance gefe guda, agogonsa na ɗaure a hannunsa, ko aljihunsa ba a taɓa ba. Har yau babu wanda ya tsaya gaban alƙali saboda jininsa. Ni ce yayarsa, tsohuwar malamar firamare a Gusau. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba sai yau, domin akwai abin da na aikata da hannuna wanda na shekara ashirin da bakwai ban iya faɗa wa ko 'yarsa ba.

Mu mutanen Furfuri ne ta ƙasar Bungudu. Aure ya kawo ni Gusau, aikin malamin gona ya kai Lawali Tsafe, mahaifiyarmu Inna kuwa ta dawo wurina bayan rasuwar Baba. Lawali mutum ne mai surutu. In ya kama zancen taki da irin masara, sai ka nemi ƙofar gudu. Rediyo mai jini nake ce masa, shi kuma ya ce gara rediyo da allon makaranta, ko ba komai rediyo yana sa mutane dariya.

A wancan lokacin babu wayar hannu, Inna kuma ba ta karatun boko, ba ta kuma yarda a karanta mata wasiƙa. Takan ce takarda ba ta da murya, ta yaya za ta san ko ɗanta na da mura? Don haka Lawali ya sayi rikoda biyu, ɗaya tasa ɗaya tamu, muka shiga aika kaset. Duk ƙarshen mako zai ba Malam Isa, wani direban motar haya da ke jigila tsakanin Tsafe da Gusau, kaset a cikin ambulan. Tsarinmu guda ne, ba mu taɓa sauya shi ba: gaban kaset nasa ne, bayan kaset namu. Zai cika gaba da gaisuwa da labari, ya bar baya babu komai. Mu kuma in mun saurara har ya ƙare, sai in juya, in danna jan maɓalli, Inna ta yi tata addu'a, ni in yi tawa tsiyar, a mayar wa Malam Isa. A tsakar gida ake kunnawa, maƙwabta ma na shigowa, don Lawali ba ya tsallake kowa a gaisuwa, har akuyar Inna yakan tambaya.

Yanzu in na waiwaya, alamu sun yi ta zuwa, ni ce ban karanta su ba, ni da na ƙare rayuwata ina koya wa yara karatu. Zuwansa na ƙarshe Gusau ya rame. Bai zauna inda ya saba ba, ya ja tabarma ya fuskanci ƙofar gida. Tuwon da yake cinye malmala uku, ɗaya ya ci ya wanke hannu. Na tambaye shi karen nan nasa da yake yawan yabo, ya ce ya mutu, ya kau da zancen. Na san a damina an kira shi shaida a rikicin iyakar gona har sau biyu ko uku, domin aikinsa ya sa ya san gonakin ƙauyukan nan kamar tafin hannunsa, ya san inda gamba, ciyawar da ake shata iyaka da ita, take tun asali da inda aka matsar da ita. Na san kuma Lawali ba ya iya tauna gaskiya, furzar da ita yake yi. Duk da haka abin da ya zo mini a rai shi ne matarsa Luba na da tsohon ciki, fargabar haihuwar fari ce ke cinsa. Har na tsokane shi, na ce ko kai ne za ka yi naƙudar?

Kaset ɗin ƙarshe ya zo da hantsi. Malam Isa ya ce sauri yake, da an yi azahar zai juya Tsafe, in muna da amsa mu shirya ta. Na kunna wa Inna a tsakar gida, na ji ya fara jero gaisuwar maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, na ce wannan karatun na haddace shi, na tafi duba tukunya. Ina madafa na ji rikodar ta yi ƙas, ta tsaya. Na zo da hannuna duk garin kuka, na juya kaset, na danna jan maɓalli. Inna ta sa masa albarka, ta yi wa Luba addu'ar sauka lafiya. Ni kuma na karɓa ina dariya, na ce rediyo mai jini, a aiko mana da sabon wake, kuma a rage surutu don batir ya yi tsada. Duka-duka bai fi minti biyar ba. Na zare, na sa a ambulan, na ba Malam Isa.

Kwana huɗu tsakani aka aiko mana da mutuwarsa.

Bayan addu'ar bakwai na shiga ɗakinsa a Tsafe in tattara wa Luba kaya. Rikodarsa na kan taga, da kaset a ciki. Na gane ambulan ɗinmu a ƙasa. Kewarsa kawai ta sa na danna, ina tsammanin in ji shiru, tunda bayan kaset ne, kuma na san inda maganata ta ƙare. Sai muryarsa ta fito, ƙasa-ƙasa, ba irin wadda yake yi wa tsakar gida ba, ta kama daga tsakiyar zance.

“…shi ne yat tare ni bakin kasuwa yana ta dariya, yana tambayata wace hanya nika bi in na taso Kucheri. Yaya, mutumin da bai gaishe ni ba tun randa niy yi shaida, mi ya kawo wanga son? Karena ma matacce na iske shi. Kar ki hwaɗa ma Inna. Luba ma ban hwaɗa mata ba, kin san halin da take ciki. Ni dai na hwaɗa miki sunanshi, in wani abu ya same ni kin san inda za ki nuna. In kin ji ki aiko min da shawara, ke ce babba.”

Na mayar da kaset baya. Inna ce ke addu'a, sai ni ina dariya, ina cewa a rage surutu. Sunan da ya faɗa mini yana ƙarƙashin dariyata, na shafe shi. Na juya gaba na saurari ƙarshensa, wurin da na tafi madafa, na ji ya ce, “Yaya, yau na yi magana a baya, taki ce ke kaɗai, ki saurara kahin ki ɗauka.” Inna kunnenta ya yi nauyi tun lokacin, ba ta ji ba. Ni da ke da kunne ina can ina kaɗa miya.

Abin da ya fi ci mini rai ba shafewar ba ce. Kaset ɗin a daidai inda muryata ta ƙare na same shi. Ke nan Lawali ya zauna a ɗakin nan shi kaɗai, ya kunna yana jiran shawarar yayarsa, ya ji an ce masa ya rage surutu, ya ji tasa muryar ta dawo, ya kashe. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kunnen da ya zaɓa bai ji ba.

Na kai kaset ɗin wurin ɗan sandan da ke riƙe da maganar. Mutumin kirki ne, ya saurara har sau biyu, ya rubuta abin da zai rubuta. Aka kira mutanen da Lawali ya yi shaida a kansu, sun kai takwas in an haɗa 'yan'uwansu, kowa ya rantse, kowa ya kawo wanda ya gan shi a wani wuri ranar. Dalili na nan a fili, gona ce, amma dalili bai nuna fuskar kowa ba. Daga ƙarshe ya mayar mini da kaset ɗin ya ce, “Malama, da sunan na nan da mun san inda muka dosa.” Manyanmu suka ce a bar wa Allah. Da Inna da Luba suka tambayi yadda sunan ya ɓace, na ce musu kaset ɗin ne ya lalace. Inna ta rasu ba ta san gaskiya ba, Luba ma haka.

Yau duniya ta zama wata iri. Kullum sai ka ji an kama wanda ya yi kisa, wai wayarsa ce ta tona shi: ga wanda ya kira, ga saƙon barazanar da ya aika, ga unguwar da yake a lokacin. Har saƙon da mutum ya goge, an ce masana na iya tono shi. Nakan tambayi kaina me Lawali zai ce da ya ga wannan zamani. Na tabbata da shi zai fara sayen wayar a Tsafe, ya cika mana kunne da saƙon murya tun asuba. Zai yi murna da cewa yanzu ramin ƙarya ya ƙara ƙurewa. Amma ina jin zai lura da abin da ni ma na lura: kusan duk shari'ar da aka karanto saƙonnin mamaci, sai ka ji ya faɗa wa wani tun da wuri. Ya ce ana bin sa, ko ya ce yana tsoro. Wanda aka faɗa wa ya aika masa da hoton dariya, ko ya ce sai ya samu lokaci zai saurara. Na'ura ta iya adana magana, sauraro ne har yanzu ba a ƙera masa inji ba.

Luba ta haifi mace wata biyu bayan rasuwarsa, aka sa mata Hafsatu, a hannuna ta ƙarasa girma. Gaban kaset kaɗai na taɓa kunna mata, ta haddace shi har gaisuwar akuya. Watan jiya tana karanta labarin wata shari'a a wayarta, ta ɗago ta ce, “Gwaggo, da Baba na da waya da an san wanda ya kashe shi.” Ban iya cin abinci ba ranar. Washegari na ɗauki kaset ɗin zuwa wurin wani mai aikin kwamfuta a cikin gari, na tambaye shi ko ana iya ɗaga muryar sama a ji ta ƙasa. Ya jujjuya shi ya ce, “Hajiya, waya takan ɓoye abin da anka goge, amma kaset in an hau shi an hau shi.” Sai na ce to ya zuba mini duka a waya, gaba da baya, kada ya yanke komai.

Da yamma na zaunar da Hafsatu na kunna mata bayan. Ta ji kakarta na addu'a, ta yi murmushi. Ta ji wata mata na ƙyaƙyata dariya, ta ce wace ce wannan? Na ce ni ce. Sai muryar ubanta ta shigo. Ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba, ni kuma na faɗa mata komai, har da ƙaryar da na yi wa uwarta. Na shirya wa fushi, na ma fi son ta yi. Ta ajiye wayar ta ce, “Shekara ashirin da bakwai ke kaɗai kike jin wannan?” Na ce ni kaɗai. Ta ce, “To ki turo min. Gobe tare za mu ji.” Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma roƙa ba tukuna.

Sunan nan ya tafi, sai ranar da babu abin da ke ɓoyuwa. Wanda ya yi, ko yana raye ko ya mutu, ya san kansa. Gambar da Lawali ya nuna wa alƙali an ce har yanzu tana inda ya nuna, Hafsatu kuma ta gaji bakinsa, ba ta iya tauna gaskiya. Ni abin da ya bar mini ɗabi'a ce guda. Duk wanda ya aiko mini da saƙon murya, ko na minti goma ne, ko gaisuwa ce kawai da zancen akuya, sai na sauke tukunya na zauna na ji ƙarshensa kafin in ba da amsa. Jikokina na yi mini dariya, suna cewa Gwaggo ba ta san ana tsallakewa ba. Na sani. Sau ɗaya na tsallake.

Allah ya jiƙan Lawali, ya sa can ta fi masa nan, ya haɗa shi da masu sauraro.