Kwandon Mama Liyatu

Duk Lamorde an san Mama Liyatu da saƙar kwando. Idan ta ɗaure gindinsa, ko gero ka zuba ba ya zuba. Abin tinƙahonta ke nan, kuma ba ta ɓoyewa.

Autarta Margret doguwa ce, har 'yan unguwa na kiranta sandar kaɗo mangwaro. A 1983 ta shiga sakandare, ƙwallon kwando ya shiga ranta. Sai dai filin makarantar ɗaya ne, kuma na samari ne, 'yan mata sai kallo. Da suka matsa, shugaban makaranta ya ce, don ya rabu da su, in sun samo nasu kwandon su buga.

Margret ta dawo gida da hawaye. "Mama, an hana mu wasa. Wai ba mu da kwando."

Liyatu ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kwando? A gidana kina kukan kwando?"

Ba ta tsaya jin bayani ba. Ta zauna ta saƙa wanda ya fi kowanne kyau, ta ɗora a ka sai makaranta. Samari suka yi ta shewa. Malam Jibrilla mai kula da wasanni kuwa bai yi dariya ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa aka ɗaure shi a jikin darbejiya. Margret ta jefa ƙwallo, ƙwallon ya faɗa ciki, ya yi zamansa daram.

Malam ya sosa ƙeya. "Mama, aikin ya yi kyau. Amma namu kwandon ba ya da gindi. Sai an yanke."

Ran Liyatu ya ɓaci sosai. Daga gindi ake fara saƙa, kuma kwandon da ya ɓule abin kunya ne ga masaƙiya. Ta buɗe baki za ta ce a sauko mata da kayanta, sai ta ga 'yan matan sun yi cirko-cirko, ƙafa ba takalmi, duk ita suke kallo.

"Malam, ba ni wuƙa. Ba wanda zai taɓa shi sai ni."

Da hannunta ta yanke. Daga ranar, duk wanda ya lalace sai ta saƙa wani, ba gindi. Sai da 'yan matan suka doke wata makaranta daga Michika aka ba su rabin mako a filin samari.

Margret ta buga wa jihar Gongola a Yola, daga baya ta dawo tana koyar da yara mata wasan a unguwar Yelwa. Duk sabuwar ɗaliba sai ta kai ta gaida Mama, su durƙusa su yi godiya. Tsohuwar takan kore su da wasa, amma daɗi take ji.

"Kwandunana duka suna riƙe kaya," in ji ta. "Wanda bai riƙe komai ba, shi ya ɗauki 'yata har Yola."