Ledar da Na Ɗaure Ƙafar Autarmu da Ita

Daminar bara, autarmu mai shekara biyar ta bi Inna gonar shinkafarmu ta hanyar Tunuga. Sati biyu tana cikin laka, ta dawo gida da cin ruwa. Tsakanin yatsunta na ƙafar dama ya yi fari ya tsattsage, tana susa tana kuka.

Kaka ta kwaɓa lalle, ta ce, "A shafa mata, a bar ƙafar ta sha iska."

Ni kuwa ina ajin ƙarshe a kwaleji, ba mu daɗe da yin darasin ƙwayoyin cuta ba. Na ce ai ƙasa za ta shiga ciwon. Kaka ta dube ni, ta ce, "To, likitar gida, ga mara lafiyarki nan." Ta ɗauke kwanon lallenta.

Na wanke ƙafar da sabulu, na lafta mata mai, na sa safa, na rufe da baƙar leda, na tamke a idon sawu. Auta sai murna, wai ta samu takalmin soja. Inna tana can gona. Kwana uku ban kwance ɗaurin ba.

Rana ta huɗu da hantsi auta ta ce, "Yaya, ƙafata bugawa take." Jikinta zafi rau. Da na kwance ledar, wari ne ya fara fitowa. Safar ta manne da nama. Ƙaramin yatsan ya yi baƙi ƙirin.

Da muka kai ta likita, majo, babban ma'aikacin wurin, bai ɗaga murya ba. "Wa ya ɗaure wannan?"

Na kau da kai. Inna, da aka kirawo daga gona da laka a zaninta, ta ce, "Ni ce."

An ceci ƙafar. Yatsan kam an cire shi.

Baba direban babbar mota ne, yana hanyar Kwatano lokacin. Abin da aka faɗa wa majo shi aka faɗa masa. Har yau in ya ga auta na ɗingishi, Inna yake kallo, ita kuma ta sunkuyar da kai.

Jiya ina yi wa auta wanka ta ce, "Yaya, in Baba ya ji ke ce, zai kore ki?"

Na ce ban sani ba.

"To ba zan faɗa ba," in ji ta, ta miƙo mini ƙafar in goge.

Yarinya 'yar shekara shida ke riƙe mini wannan sirri. Gobe Baba zai dawo daga tafiya, kuma na riga na gaya wa Inna cewa daga bakina zai ji gaskiya.