Man Za'atar A Ƙarƙashin Randa

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ba ni aikin gano sinadaran da ke cikin man za'atar na daji, wani ganye mai ƙamshi. Kawuna direban babbar mota ne, yana bin hanyar gabas, shi ya ciko mini buhu da ganyen daga duwatsun Bahar Maliya.

Kullum in fito daga unguwarmu Dar Salam, in hau bas biyu, waɗanda muke kira hafila, in haye gada zuwa Khartum. A ɗakin gwaji in zuba ganyen a tulun gilas da ruwa, in kunna, tururi ya riƙa ɗauko man yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Aikin awa huɗu ne. Sau da yawa ruwan na fara tafasa sai a ɗauke wuta, in zauna ina kallon tulun yana hucewa. Sati biyar na yi kafin na tara abin da bai cika cokali biyu ba.

Malamina ya shinshina, ya ce, "Da alama taimol, sinadarin da ke ba shi zafi da ƙamshi, ya yi yawa a nan, amma hanci ba hujja ba ne. Injin da zai rarrabe mana ya lalace. Ki jira."

Firjin ɗakin ba ya sanyi, zafi kuwa yana ɓata man. Sai na zuba shi a kwalba na kai gida, na naɗe ta a tsumma, na tura ƙarƙashin randa. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar da aka ce an gyara injin, na dawo da la'asar cike da murna. Tun daga ƙofa ƙamshin ya tare ni. Baba na zaune a gado ba riga, ƙirjinsa ya yi jawur, Inna na yi masa fifita.

"Inna, ina kwalbata?"

"Maganin nan? Ubanki ya kwana uku yana tari, na shafa masa. Ashe wuta ce! Me ya sa ba ki ce a haɗa da man riɗi ba?"

"Ba magani ba ne, Inna, karatuna ne!"

"To karatun ba don mu kike yi ba?"

Na ɗaga kwalbar a rana, ko ɗigo babu. Na shige ɗaki ina kuka, ina jin Baba yana cewa a ƙyale ni.

Kawu ya sake kawo buhu, amma daga wani dutsen daban. Man ya fito fari-fari, ƙamshinsa sanyi-sanyi, taimol ɗinsa kaɗan ne. Na roƙe shi ya koma inda ya tsinko na farko. Ya sosa kai, ya ce shi dai ya tsaya kama ruwa ne a gefen hanya ya gan shi, ba zai iya gane wurin ba.

Da na biyun na rubuta aikina. Aka ba ni maki matsakaici.