Muryar Mama Laraba da Amaryar Oga

Har gobe ban manta da ranar da matan zumunta na wani coci a unguwar Romi suka cika mana situdiyo a Barnawa ba. Ku da kuka tarar da aikin nan a cikin kwamfuta, ku danna abu kuskure ya goge kamar ba a taɓa yin sa ba, ku matso ku ji yadda muka yi namu.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ce, aka miƙa mulki ga farar hula. Gari ya ɗauki ɗoki. Kowace ƙungiya tana son kaset ɗin godiya, kowane sabon kansila yana son a yi masa waƙa. Ni a lokacin na bar aikin gidan rediyo, na zama injiniyan sauti a situdiyon Oga Chidi, wani ɗan kasuwa mai shagon kayan lantarki a Kakuri. Mutumin kirki ne, amma akwai son a sani.

Shi ne ya sa aka kawo masa wata na'ura daga Turai, wadda a aikinmu ake kira canel sitirif. Ga wanda bai sani ba, akwati ne na ƙarfe mai aiki uku. Na farko, yana ɗaga muryar da ta fito daga makirfo ba tare da ƙura ba. Na biyu, yana gyara ta, ya ƙara mata kauri ko ya rage mata kaifi. Na uku shi ne kwamfuresa, mai danne murya idan ta yi ƙara da yawa, don kada mai sauraro ya riƙa tashi yana murɗa rediyo. Irin mai kwalaben lantarki ce a ciki, sai an kunna an bar ta ta yi ɗumi kafin ta ba da abin da ake so. Amma ƙofa ɗaya gare ta, makirfo ɗaya tak take ɗauka. Oga ya lulluɓe ta da farin ƙyalle, ya hana kowa taɓawa sai ni, shi ya sa muka sa mata suna Amarya.

Tsarin aikinmu a bayyane yake. A ɗauki kiɗa da 'yan amshi a babban ɗaki, sannan a shigar da mai waƙa ita kaɗai cikin ɗan ɗakin murya da muke kira keji, a sa mata hedifon, muryarta ta bi ta cikin Amarya tsaf. Kowa da layinsa a tef, in wani ya ɓaci a sake shi shi kaɗai.

Da safe matan suka iso cikin ankonsu, da tulunan kiɗa da caki. Uwar zumunta, Madam Rifkatu, ta ja ni gefe tun kafin su zauna.

"Injiniya, ka ga waccan tsohuwar mai gyale a wuya? Mama Laraba ke nan. Ita ke ba mu waƙa tun muna 'yan mata, kuma yawancin waƙoƙin daga bakinta suka fito. Maƙoƙo ne ya tsiro mata, jibi za a yi mata aiki. Likita ya ce za ta rayu, amma bai yi alkawarin murya ba. Ba a taɓa ɗaukar ta a kaset ba. In ba yau ba, to, shi ke nan."

Na ce, "Madam, in Allah ya yarda ba za ku fita hannu banza ba."

Matsala ta farko ta zo tun kafin mu kunna tef. Na ce 'yan amshi su fara, Mama ta jira. Suka kalle ni kamar na ce su yi tuwo ba gari.

"Mu amsa wa wa?" in ji wata. "Ai sai ta bayar mu karɓa. Kuma ba ta maimaita baiti iri ɗaya sau biyu."

To, na ce a juya, Mama ta fara. Na kai ta keji, na miƙa mata hedifon. Ba ya zama a kan ɗaurin ɗankwalinta, na roƙe ta ta kwance.

"Ɗana, waƙar Allah zan yi. Da kai a buɗe?"

Na ɗora mata shi ta ƙeya, na rufe ƙofa, na koma na ɗaga mata hannu ta gilashi. Ta buɗe baki. Wayyo! Abin da ya fito ba shi da rai ko kaɗan, murya siririya, tana rawa, kamar mai karanta sanarwa a coci. Kuma Amarya ba ta rufa wa kowa asiri, duk wata rawar murya sai da ta fito da ita fili. Muka sake, muka kuma sakewa. Kowace ɗauka ta fi ta baya muni, ga shi ina ganin tana dafe wuya.

Oga ya tsaya a kaina yana zufa. "Injiniya, abeg, me ka taɓa? Ko sun sayar mini da jabu ne? Ƙara mata kauri mana!"

Na ce, "Oga, na'ura lafiyarta ƙalau. Ba za ta ƙara kaurin abin da babu ba."

Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da yadda muryar da muke da ita kaɗan take ƙarewa a banza. Na shiga keji na durƙusa a gabanta, na ce, "Mama, me ke damun ki?"

Ta ce, "Ɗana, ka kulle ni ni kaɗai kamar mai laifi. Na ba da waƙa, ba wanda ya karɓa. Ni ban iya waƙa a tsaye wuri ɗaya ba, kuma ban iya ta ba sai ina ganin idon 'yan'uwana."

Na fito na ciro babban makirfo daga keji, na kafa shi a tsakiyar babban ɗaki, na ja wayarsa zuwa Amarya. Oga ya kama kai.

"Chineke! Wayyo Allah! Na'urar murya ɗaya ce za ka ɗura wa mata cike da ɗaki da tukwane? In abu ya lalace fa, ta ina za ka gyara?"

Gaskiya ya faɗa. Komai zai hau layi ɗaya, ba cirewa, ba ƙarawa. Na ce, "Oga, ba gyara. Amma ko dai wannan, ko mu ba su kaset ɗin da za su ji kunyar sa wa jikokinta." Ya yi tsaki, ya ce in ta fashe a kaina ne, ya koma kan kujera ya naɗe hannu.

Tun da ba ni da maɓallin rage wannan in ƙara wancan, sai na koma daidaita sauti da ƙafafun mutane. Masu tulu na tura su can bango, na shimfiɗa musu tabarma a ƙarƙashi. Masu caki suka koma bayan 'yan amshi. 'Yan amshi suka yi zobe. Akwai wata Asabe mai guɗa, wadda in ta sake ta sai allurar na'ura ta kwanta a ja. Na matsar da ita baya, bai isa ba. Na ƙara matsarwa, bai isa ba. Ƙarshe sai a baranda ta tsaya, ƙofa a buɗe, tana mita wai an kore ta daga zumunta. Matan suka yi ta dariya, har Mama ta dara, karo na farko tun safe.

Na zana wa Mama da'ira da alli a ƙasa, na ce ta taka yadda take so, kada dai ta fita. Na saita kwamfuresa da sauƙi, yadda in ta matso zai riƙe ta a hankali, in ta ja baya ya sake ta. Na danna tef, na ɗaga hannu.

Tulu ya fara. Mama ta sunkuya, ta taka, ta kalli Madam Rifkatu, ta ɗaga: "Ka riƙe hannuna a bakin kogi." Matan suka karɓa gaba ɗaya: "Ba za ka sake ni ba." Jama'a! Ba muryar da na ji a keji ba ce. Wannan mai faɗi ce, mai ɗumi, kana jin numfashinta da ƙarar takunta, matan kuma suna kewaye da ita daidai inda na ajiye su. A ranar na san dalilin da ya sa ake wahalar ƙera irin wannan na'ura. Oga ya warware hannu, ya miƙe tsaye bai sani ba.

Muka ɗauki waƙoƙi a jere ba tsayawa. A ta ƙarshe, wajen da take hawa sama, muryar ta tsinke. Ɗif! Bakinta a buɗe, ba abin da ke fita. Yatsana ya kai kan maɓallin tsayarwa. Kafin in danna, matan suka ɗauki baitin nata, wanda ba nasu ba ne, suka rera shi a hankali, suka maimaita, tulu bai tsaya ba, har ta haɗiye yawu ta dawo ta karɓi abinta ta kai ƙarshe. Asabe ta saki guɗa daga baranda, tana kuka.

Oga ya ce, "Kai, saura kaɗan ya zama cikakke. A sake ta ƙarshen."

Mama ta zauna a kan benci, ta girgiza kai, ta nuna wuyanta. Ba sauran abin sakewa. Haka muka buga kaset ɗin da tsinkewar a ciki, kuma ba zan ɓoye muku ba, a matsayina na injiniya wajen nan ya daɗe yana ci mini rai.

Aka yi aikin, ta tashi lafiya, amma muryar waƙa ba ta dawo ba. Magana ma sai ka matso kusa. Kaset kuwa ya shiga gari, daga Makera har Sabon Tasha, ka shiga bas ka ji shi, ka wuce shagon tela ka ji shi.

Bayan damina ta wuce, Madam Rifkatu ta gayyace ni taron zumuntar mata na coci-coci. Na zauna kusa da Mama Laraba. Wata ƙungiya daga wani gari, waɗanda ba su taɓa ganin ta ba, suka fito da waccan waƙa ta ƙarshe. Wata matashiya ce ke bayarwa, murya garau. Da ta zo wajen hawan nan, sai ta yi shiru da gangan, 'yan amshi suka ɗauki baitin a hankali, suka maimaita, sannan ta dawo. A kaset suka koya, sun ɗauka haka aka tsara waƙar.

Mama ta damƙe hannuna, hawaye na zuba, tana dariya mara sauti. Na kai kunne kusa da bakinta. Ta ce, "Ɗana, ka ji? Har yanzu suna jira na."

Tun daga ranar, duk wanda ya shigo ɗaukar murya, kafin in taɓa ko maɓalli ɗaya sai na tambaye shi yadda yake waƙa a gida, a tsaye ko a tafe, shi kaɗai ko da mutane. Na'ura mai kyau tana da daɗin aiki, kada wani ya ruɗe ku, amma abin da aka ba ta shi take fitarwa. Ku kuma masu saurin gogewa, in murya ta tsinke, ku ɗan ɗage yatsa, ku saurari abin da zai biyo baya.