Labarin da Na Ƙi Gyarawa

Shekara uku ina aika gajerun labarai wata mujalla mai fitowa mako-mako, ko ɗaya ba a taɓa bugawa ba. Ni fa malamin Hausa ne a sakandare a Safana. Ni nake jan kunnen ɗalibai kan ƙugiya da rabon kalma. Amma duk mako sai in tare direban da ke kawo mujallar daga Katsina, in buɗe shafin labari tun ina tsaye, in ga sunan wani. Abokan aiki har sun laƙaba mini "marubuci", na kuma san ba yabo ba ne.

Ina da taubashiya a Batsari, ɗiyar kawuna. Daga wani ƙauye na Ruma ta taso da 'ya'yanta lokacin da 'yan bindiga suka matsa musu. Ɗinki take yi, karatunta bai wuce firamare ba. Da yake ita ɗiyar namiji ce ni ɗan mace, tun muna yara "bawana" take ce mini, ni kuwa in ce mata baƙauya, mu yi ta sheƙa dariya.

Ranar wata kasuwar Batsari na biya mu gaisa, sai ta yago takardu huɗu daga littafin da take rubuta awon kaya.

Ta ce, "Bawana, ungo. Gyara man wagga ka tura ma mutanenka. Ni ban san inda aka ɗiga aya ba."

Na ce, "Oho, yanzu kuma baƙauya ta zama marubuciya? Allah ya kyauta."

Bayan la'asar na zauna a gida na karanta. Wata mata ce ta jiƙa gero da safe, kafin ta tsame aka ce a gudu. Duk tsawon tafiyar ba ta tuna gida ba, ba ta tuna awaki ba. Geron nan kawai ke ranta, zai yi tsami a ƙwarya babu mai tsame shi. Iyakar labarin ke nan. Sau biyu na karanta. Abin da na ji ba tausayi ba ne, kada in yi ƙarya, ƙyashi ne. Shekara uku ina ƙawata jimla, ban taɓa rubuta abin da ya kai geron nan ba.

Rubutun kuwa, wayyo! "Ta hwaɗi", "mu tahi", "mi ya hwaru", Hausar ƙauyensu ce zalla. Awa ɗaya ta ishe ni in mayar da ita daidaitacciya, aikina ne. Na ƙi. Na ɗauki waya na buga shi harafi bayan harafi yadda ta rubuta, ayoyi kawai na sa don kada a ce ban yi komai ba. A raina na ce, su karanta layin farko su yi dariya su yar. Ranar na haɗa da nawa na tura, wanda na yi sati ina gogewa.

Mako na uku na buɗe mujalla a tasha, sai ga sunanta ɓaro-ɓaro. Har editan ya yi ɗan bayani a sama, wai da gangan suka bar harshen yadda ya zo, don haka matar za ta faɗa da bakinta. Nawa kuwa ko ƙeyarsa. A ofishin malamai aka yi ta miƙa mujallar hannu zuwa hannu. Malamin lissafi ya dube ni ya ce, "Ashe abin a jininku yake, Malam. Kai ne dai ya tsallake." Na yi yaƙe, ji nake kamar in kwaɗa masa rajista.

Kwana uku tana kira ina ƙin ɗauka. Ran na huɗu kunya ta kai ni Batsari. Na tarar da ita a kan keken ɗinki, mata biyu na jiran ɗinki. Na tsaya na tsara zance, na ce ai da na karanta na ga ba ya buƙatar gyara, shi ya sa ban taɓa ba.

Ba ta tsayar da keken ba sai da ta kai ƙarshen layi. Ta yanke zare da haƙori.

Ta ce, "Malam, ɗiyata ta karanta man. Ko inda na manta harahi ka bar shi. Kai da ko alkunya ba ka yi ma kuskuren limami."

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Na san abin da ya hana ka gyarawa. Ya dai yi man rana."

Na jira ta fashe da dariya, ta ce wasa ne irin namu, in samu in rama. Ba ta yi ba. Ta jawo wani yadi ta sa a ƙarƙashin allura, ta ce in gaida mutanen Safana.